TURANCIN BUTUTUN MAI DABAN YAKE DA NA MAKARANTA

Ran 30 ga watan Yunin 2020 ne Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas wanda zai taso daga Ajakuta ta Jihar Kogi, ya ratsa ta Abuja da Kaduna, ya dire a Kano. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa kuwa inci 40, watau yaron da bai daɗe da fara tafiya ba yana iya miƙewa tsaye a cikinsa. A shekarar 2025 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ba da sanarwar cewa an samu an ƙetare da shi ta ƙarƙashin Kogin Kwara, wurin da ya daɗe yana ba ma'aikata wuya.

Abin da jama'a suka fi sa rai a kai shi ne wutar lantarki, da farfaɗo da masana'antun Kakuri da Bompai da Sharaɗa. Samari kuwa, musamman waɗanda suka fito daga kwalejojin fasaha, aikin yi suke hange. To, aikin bututu iri biyu ne. Akwai na ƙarfi, kamar sharar daji da gadi da ɗaukar kaya, wanda ke ƙarewa ran da aka rufe rami. Akwai kuma na sani, kamar walda da binciken walda da awon matsi da lura da tashoshin da ke tura gas, wanda zai ci gaba muddin bututun na aiki, shekara talatin ko arba'in. Abin da ke raba waɗannan biyu, baya ga horon hannu, takarda ce. Ita kuwa takardar da wani irin Turanci aka rubuta ta, wanda ko mai kiredit a jarrabawar fita sakandare sai ya zauna ya koye shi kamar sabon shiga.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne a Arewa. Bayan da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 an riƙa turo mata ɗanyen mai ta bututu daga yankin Warri, ita kuma ta riƙa tura tataccen mai zuwa daffo-daffo na Kano da Gusau da Jos da Gwambe da Maiduguri. Bututun da ke haɗa matatun ƙasar nan da daffo-daffonsu ya haura kilomita 5,000, ko da yake fasa shi da rashin gyara sun sa manyan tankoki sun ƙwace yawancin aikin. An kuma kafa makarantar koyon aikin man fetur a Effurun, kusa da Warri, tun 1973. Duk da haka, har yanzu akwai ɗaliban da ke gama karatun injiniya ba su taɓa riƙe takardar izinin aiki ta gaske sun karanta ba.

Dalilin da ya sa Turanci ya mamaye sana'ar kuwa a fili yake. A Amurka aka haƙa rijiyar mai ta kasuwanci da ta yi suna, a Jihar Pennsylvania cikin 1859, kuma ƙungiyoyin injiniyoyin ƙasar su suka tsara yawancin ƙa'idodin da duniya ke bi. Littafin da ke bayyana irin ƙarfen bututu ana kiransa API 5L, na walda API 1104, na tsarin bututun mai ASME B31.4, na gas kuwa B31.8. Ko ɗan kwangilar daga Sin ya fito ko daga Italiya, waɗannan littattafai ne ke kan teburinsa, da su kuma za a yi masa hukunci in aikinsa ya ɓaci.

ALADE DA RANAR HUTU

Wahalar farko da ɗalibi zai ci karo da ita ba ta dogayen kalmomi ba ce, don su yana ganinsu ya san bai san su ba, sai ya nemi ƙamus. Masu ruɗin su ne gajerun da ya sani tun yana firamare, waɗanda masu sana'ar suka ɗauka suka ba su wata ma'ana.

Kowa ya san "pig" alade ne. A wurin masu bututu kuwa wata na'ura ce mai kama da dogon harsashi, wadda ake cusawa cikin bututun, matsin mai ko na gas ya yi ta tura ta har ta fito a wata tasha mai nisa. Wata sharar dauɗa da kakin mai take yi, wata kuma tana ɗauke da na'urorin da ke auna kaurin ƙarfe ta gano inda tsatsa ta ci. An ce sunan ya samo asali ne daga ƙarar da irin na farko ke yi suna gogar ƙarfe, mai kama da kukan alade. Saboda haka in aka ce wa sabon ma'aikaci gobe da safe za a tarbi alade a tashar Kaduna, kada ransa ya ɓaci.

Haka kalmar "holiday". A makaranta hutu ce. A bakin rami kuwa tana nufin ɗan wurin da rufin da ke kare bututu daga tsatsa ya huje ko bai kama ba, ko da bai fi bakin allura ba. Kafin a sa bututu a ƙasa sai an bi shi da wata na'urar lantarki wadda ke yin tartsatsi da ƙara duk inda ta sami irin wannan huji. Wanda ya karanta rahoto ya ga an sami "holiday" uku a kilomita kaza, ya ɗauka ma'aikata ne suka yi kwana uku ba su zo ba, to, zai sa hannu a rufe rami, bayan 'yan shekaru kuma tsatsa ta huda ƙarfen daga waɗannan wurare uku.

"Schedule" jadawali ne ga ma'aikacin ofis, amma a nan kaurin jikin bututu ne: bututun inci 2 mai lamba 40 kaurinsa inci 0.154, mai lamba 80 kuwa inci 0.218, kuma matsin da za su iya ɗauka ba ɗaya ba ne. "Sweet" da "sour" ba su shafi zaƙi da tsami ba, yawan farar wuta ne a cikin mai. Ɗanyen man da farar wutarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba shi ne mai zaƙi, irin na Bonny ke nan, shi ya sa yake da daraja a kasuwa. Gas mai tsami kuwa shi ne mai ɗauke da wata guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa sai ta kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta wuce alhali tana gab da kayar da shi. In kuma aka ce wa mutum "crack the valve", ba a ce ya fasa bawul ba, cewa aka yi ya ɗan buɗe shi kaɗan a hankali.

Akwai wata kuma da ta daɗe tana yaudarar mutane, har da Turawan kansu. Ɗalibi ya koyi cewa "in" a farkon kalma yana kore ma'ana, don haka sai ya zaci "inflammable" abin da ba ya cin wuta ne. Ita da "flammable" ma'anarsu ɗaya, mai saurin kama wuta. Saboda wannan ruɗani ne masu tsara alamun gargaɗi suka fi son a yi amfani da ta biyun kaɗai.

Ita kanta kalmar gas sai an yi hattara. Direban babbar mota a Kano in ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi. Ba'amurke in ya faɗi haka, fetur yake nufi. Uwargida kuwa na tukunyar girki take nufi, wanda shi ma daban yake da wanda zai bi ta bututun Ajakuta. Na girki ya fi iska nauyi, in ya zube ƙasa yake kwanciya ya taru a kwari. Na bututu ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Matakin da za a ɗauka in ɗaya ya tsiyaye ba shi ne na ɗayan ba.

WAJIBI, MUSTAHABBI DA HALAL

Inda ɗaliban wannan yanki ke da wata fa'ida da ba su cika lura da ita ba shi ne wajen karatun ƙa'idodi. Littattafan nan suna amfani da ƙananan kalmomi uku, kowace da nauyinta a gaban shari'a. In aka rubuta "shall", abin wajibi ne, barinsa saɓa kwangila ne, kuma mai binciken aiki na da ikon tsayar da kowa. In aka rubuta "should", abin so ne, ana iya barinsa in akwai hujja mai ƙarfi. "May" kuwa izini ne kawai, a yi ko a bari. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta fiƙihu ya san bambancin farilla da mustahabbi da halal, ya kuma san cewa mai mayar da farilla mustahabbi ya ɓata ibadarsa. Wannan tunani shi ne ainihin wanda ake bukata. Malaman Turanci a sakandare sukan koyar da "shall" a matsayin alamar abin da zai faru nan gaba, daga nan ne kuskuren ke farawa.

Wahala ta gaba ginin jimla ce. Masu rubutun fasaha suna son jera sunaye huɗu ko biyar a jere ba tare da wata kalma mai haɗa su ba, kuma ainihin abin da ake magana a kai shi ke zuwa ƙarshe. Hausa kuwa da shi take farawa. Alal misali "maximum allowable operating pressure". Mai son ya fahimce ta sai ya faro daga baya: matsi ne, na aiki, wanda aka yarda da shi, mafi yawa. Watau iyakar matsin da aka amince bututu ya yi aiki da shi. Ɗalibin da ya saba da wannan karatu na baya-baya ya warware rabin matsalarsa. Sauran rabin gajerce-gajercen sunaye ne, don ita wannan jimlar ma ba a cika rubuta ta duka ba, MAOP kawai za a gani, kuma shafi guda na iya ɗaukar irinsu goma sha biyar.

Sa'an nan akwai ayyukan da Hausa ke iya tarawa cikin kalma ɗaya, a ce a fitar da abin da ke ciki, amma sana'ar ta rarrabe su. "Vent" sakin gas ne ta sama. "Drain" tsiyaye ruwa ko mai ne ta ƙasa. "Bleed" rage matsin da ya maƙale ne sannu a hankali. "Purge" kuwa korar ragowar gas ne da wata iska wadda ba ta cin wuta, kafin a kawo wutar walda kusa. Wanda aka ce ya yi na huɗun ya yi na farko kaɗai, ya bar mai walda da bam a gabansa.

LISSAFI MA HARSHE NE

Awo shi ne wurin da kuskure ya fi tsada. Gangar ɗanyen mai da ake ji kullum a rediyo galan 42 ce ta Amurka, kimanin lita 159, ba ta kai duron da aka saba gani a kasuwa ba. Galan ɗin ma biyu ne: na Amurka lita 3.785, na Ingila lita 4.546.

Matsi kuwa ana auna shi da "psi" ko da "bar", kuma bar ɗaya ya yi kusan psi 14.5. Mai faci a bakin titi yakan ba tayar ƙaramar mota psi talatin da 'yan kai. Babban bututun gas yana aiki da psi dubu ko fiye. Ma'aikacin da ya ga allura ta nuna 70 bai duba ko wane ma'auni ne a jikin agogon ba, yana iya zaton abin bai fi tayar mota biyu ba, alhali yana tsaye ne gaban matsin da ya haura psi 1,000. Kafin a fara amfani da sabon bututu akan cika shi da ruwa a matsa shi fiye da yadda zai yi aiki, sau da yawa da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, a bar shi sa'o'i a ga ko allura za ta sauka. Ruwa ake sawa domin ba ya matsuwa, in ƙarfen ya fashe sai ya tsiyaye kawai. Da gas ne, fashewar sai ta tashi unguwa.

Harafin M ma yana da nasa tarko. A lissafin masu gas M ɗaya dubu ne, bisa tsarin Rumawa, MM kuwa miliyan. A tsarin awo na kimiyya da ake koyarwa a makaranta M ɗaya miliyan ne. Akawun ma'aikatar da ya gauraya su ya yi kuskuren ninki dubu a takardar da za a biya kuɗi da ita. Hatta girman bututu suna ne kawai: wanda ake kira inci 2 faɗinsa na waje inci 2.375 ne, sai daga inci 14 zuwa sama ne sunan ke daidai da awon.

Matasan Jamhuriyar Nijar nasu nauyin ya fi haka. Can akwai bututun da ke kai ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar Damagaram wadda aka buɗe a 2011, ga kuma sabon mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, wanda aka fara lodin mai daga gare shi a 2024. Karatunsu da Faransanci ne, kamfanin na Sin ne, ƙa'idodin ƙarfe da walda kuwa da Turanci. A rubutun Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, saboda haka 1,500 a wurinsu ɗaya da rabi ne, a takardar Turanci kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar.

DAREN DA TAKARDA BA TA ISA BA

Masu koyar da kiyaye haɗari a wannan sana'a ba sa gajiya da ba da labarin Piper Alpha, wani dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa, gabas da Sikotilan. Ran 6 ga watan Yulin 1988 masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, suka toshe wurin da faifan ƙarfe na wucin gadi, suka rubuta a takardar izinin aiki cewa ba a gama ba. Takardar ba ta kai ga idon masu aikin dare ba, ba a kuma gaya musu da baki ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, sai suka tayar da wanda ake gyara. Gas ya tsiyaye, wuta ta tashi, bututun da ke haɗa dandamalin da maƙwabtansa suka yi ta ƙara mata abinci har suka fashe. Mutum 167 suka rasu.

Waɗannan mutane yawancinsu Turanci harshen iyayensu ne. In har saƙo na iya faɗuwa tsakaninsu, ina ga filin aiki inda heluma ke magana da Turancin buroka, injiniya da lafazin Sin ko na Indiya, leburori da Hausa? Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce wanda aka ba umurni ta rediyo ya maimaita shi da bakinsa, mai ba da umurnin ya tabbatar, sa'an nan a taɓa bawul. Lambobi kuma ɗaya-ɗaya ake faɗinsu, don 15 da 50 a Turanci kusan sautinsu ɗaya cikin ƙarar inji. Bahaushe na da ƙarin abin lura, tun da harshensa bai raba sautin "p" da "f" ba: "pull" da "full", ko "pail" da "fail", suna iya fitowa iri ɗaya daga bakinsa. Wannan ba abin kunya ba ne, kowace al'umma da irin nata, amma gyaransa na bukatar motsa baki da gangan.

Game da hanyar koyo, waɗanda suka daɗe a aikin sun fi yarda da a fara da abu kafin sunansa. Ɗalibin da ya kwance bawul ya ga cikinsa ba zai manta sunayen sassansa ba, wanda ya haddace jerin kalmomi ɗari kuwa mako biyu sun ishe shi ya zubar. Bayan wannan sai karatun takardun gaske: takardar izinin aiki, zanen da ke nuna bututu da na'urorinsa, bayanin yadda za a yi walda, da rahoton haɗari. Sai kuma rubutu, domin rahoton miƙa aiki na layi biyar wanda ya faɗi wane bawul ne a rufe, wane ne a buɗe, da ƙarfe nawa, ya fi amfani a nan bisa ga dogon insha'i. Darasin Turanci na bai-ɗaya da ake yi wa 'yan shekarar farko a manyan makarantu bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya kamata shi ne malamin Turanci da malamin injiniya su shiga aji ɗaya, kowa ya toshe inda ɗan'uwansa ya gaza. Dokar da aka kafa a 2010 ta fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai da gas ta buɗe ƙofa, amma ba ta hana kamfani yi wa mai neman aiki jarrabawa ba, kuma jarrabawar da wannan harshe ake yin ta.

Akwai kuma aikin da ke jiran wanda ya iya, watau mayar da abin cikin Hausa. A watan Oktoban 1998 mutum fiye da 1,000 suka hallaka a Jesse ta Jihar Delta, sa'ad da wuta ta kama wurin da jama'a suka taru suna kwasar fetur daga fasasshen bututu. Bututun Ajakuta zai ratsa gonaki da burtali na ɗaruruwan ƙauyuka, kuma allunan gargaɗin da aka saba kafawa kan irin wannan hanya da Turanci suke. Manomi na bukatar ya san cewa filin da aka keɓe ba wurin haƙa rijiya ba ne, ba na gini ba, ba kuma na ƙona sharar gona ba. Yana bukatar ya san cewa gas ɗin babban bututu sau da yawa ba shi da wari, don warin da ake ji a na girki zuba masa ake yi da gangan. Alamun tsiyayarsa su ne ƙara kamar ta huci, ƙura na tashi daga ƙasa ba iska, kumfa a kududdufi, ko ciyawa ta bushe a wuri ɗaya tsakiyar damina. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da masanan da za su iya zama da injiniyoyi a daidaita kalmomin, gidajen rediyon jihohi kuma su isar da su ga dagatai da masu unguwanni da ke kan hanyar tun daga Kogi har Kano.